Shekara ɗaya a jami'a, sannan shagon gyaran firiji: nazarin lamarin wani matashi a Garwa

Yaron da wannan bayani ya shafa yana da shekara 20 lokacin da ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a 2022. Ni malami ne a wani lise, wato babbar sakandare, a nan Garwa ta arewacin Kamaru, masallacinmu ɗaya da mahaifinsa, kuma ta nan aka jawo ni cikin maganar. Na nemi izinin gidan kafin in rubuta, na cire sunaye da sunan unguwa. Kuɗin da zan ambata duk sefa ne, daga littafin lissafin mahaifin na kwafo su, don ɗan kasuwa ne da ba ya fitar da dala bai rubuta ba.

Gidan da ya tashi

Mahaifin, wanda zan riƙa kira Alhaji kamar yadda kowa ke kiransa, yana da rumfar atamfa da shadda a babbar kasuwa. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Hausa da fatauci ya zauna a bakin Binuwai. Alhaji matansa biyu, 'ya'ya tara. Shi allo ya yi, ya sauke, ya shiga kasuwa. Fulatanci a bakinsa kamar Bafulatani, Faransancinsa kuwa na ciniki ne, lissafi da gaisuwa. Duk ranar da takardar haraji ko ta kwastan ta zo sai ya nemi mai karanta masa, kuma ya sha gaya mini babu abin da ke ƙona masa rai kamar ya tsaya a ofis gaban sa'an ɗansa yana rusunawa. Daga nan burinsa ya samo asali: a samu ko mutum ɗaya a gidan mai matirikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, wanda zai zauna a ɗaya gefen teburin.

Babban ɗansa ya bi shi kasuwa tun bai gama kwaleji ba. Ta biyu an yi mata aure. Yaron shi ne na uku, kuma shi ne farkon wanda ya haye BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, saboda haka kayan duk a kansa aka ɗora. Shiru-shiru ne, ba ya haɗa ido da mahaifinsa. A gida shi ake kira idan fanka ta tsaya ko soket ya ƙone, kuma tun yana ƙarami yana shan duka a kan kwance rediyo. Ba wanda ya taɓa lissafa wannan a matsayin wani abu. Ƙiriniya ake ce masa.

2018 zuwa 2022: mararrabar da aka wuce ba a tsaya ba

A tsarin makarantun Faransanci na Kamaru hanya ta rabu biyu. Akwai ta gama-gari, inda bayan BEPC ake yin aji uku na lise, a zana jarrabawar furobatuwar a ƙarshen na biyu, bak a ƙarshen na uku. Akwai ta fasaha: CETIC, kwalejin fasaha mai shekara huɗu da ke kaiwa ga CAP, takardar shaidar sana'a, da lise teknik mai sassan F, inda F3 ke koyar da lantarki, F4 gini, F5 kuma sanyi, wato firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya ci BEPC yana iya neman shiga lise teknik. A unguwarmu dai ana kallon wannan ɓangare a matsayin wurin waɗanda kansu bai ja ba, don haka da yaron ya ci BEPC a 2018 ko zancen bai taso ba. Akwai jami'in ba da shawara a lise ɗinsu. Babu wanda ya je wurinsa daga gidan.

Aka sa shi layin D, mai nauyin ilimin halittu da lissafi, saboda nan ce ƙofar likitanci. Na duba katunan makinsa daga baya. Jimillarsa tana yawo tsakanin 10 da 11 cikin 20. A fiziks yana kai 13, wani zangon 14, musamman inda aka zo kan lantarki. A ilimin halittu da rubutun Faransanci kuwa 8 ne ko 9. Wato an ɗora shi a layin da ya fi dogara da darasin da ya fi rauni a ciki. A Maris 2020 aka rufe makarantu saboda korona, azuzuwan jarrabawa suka koma a Yuni, ya faɗi furobatuwar. Ya maimaita ya ci a 2021, ya ci bak a 2022 da matakin pasabul, mafi ƙanƙantar shaidar cin jarrabawa. An yanka rago.

Yuli zuwa Oktoba 2022: konkur biyu, sannan jami'a

Alhaji likita yake so. Yaron ya zana konkur, wato jarrabawar gasar neman gurbi, na likitanci da na wata makarantar injiniyoyi. Haɗa takardu, tambura, kuɗin mota da darasin share fage suka ci 140,000. Sunansa bai fito a ko ɗaya ba.

Sai aka koma ga ƙofar da ke buɗe ga duk mai bak ba tare da konkur ba, wato tsangayar kimiyya, sashen ilimin halittu, da niyyar ya zauna a nan kafin konkur na baɗi. Jami'o'in gwamnati uku ne a Arewa: ta Ngaundere da aka kafa a 1993, ta Marwa a 2008, da ta Garwa da aka ƙirƙira a Janairu 2022, wadda a lokacin take tsayawa da ƙafarta. Ya tafi ɗaya daga cikin na wajen gari. Ba zan faɗi wacce ba, don abin da ya biyo baya ba laifinta ba ne.

Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati 50,000 ne a shekara tun 1993, kuma wannan adadi ne Alhaji ya riƙe a ka lokacin da yake cewa jami'a ba ta da tsada. Littafinsa ya nuna wani abu dabam. Ɗaki 12,000 a wata, mai gida ya karɓi na wata goma a dunƙule, 120,000. Abinci 25,000 a wata har wata bakwai, 175,000. Katifa, risho, kwafin darussa da kuɗin mota 95,000. Idan aka haɗa da rajista da na konkur, 580,000 ke nan. Babu wanda ya tambayi yaron ko yana so kafin a kashe ko dala. Ya ce mini daga baya ko an tambaye shi "to" zai ce.

Oktoba 2022 zuwa Afrilu 2023: abin da ya faru a can

A lise hadda ce ta fisshe shi. Malami ya rubuta a allo, ya kwafa, ya haddace kamar yadda ya saba tun makarantar allo, ya zuba a takarda. A jami'a ya tarar da zaure mai ɗaruruwan ɗalibai, malami yana magana da sauri cikin lasifika, kowa na tsintar abin da ya iya. Shi kafin ya gama jimla ɗaya an wuce uku. Ya sayi kwafin darussa, amma shafi ɗari biyu na sunayen ƙwayoyin halitta ya fi ƙarfin hadda.

A tsarin da jami'o'in ke bi, kowane zango kiredi 30 ne, wato makin da ɗalibi ke tarawa idan ya ci darussansa. Ya samu 9 a zangon farko. A waya kullum amsarsa ɗaya ce: "Lafiya lau, Baba, muna ta fama." Daga Fabrairu ya daina zuwa darasin safe. Akwai wani mai gyaran waya da kayan wuta kusa da ɗakinsa, can yake wuni yana miƙa masa kaya ba ko sisi.

Ya dawo gida azumi a ƙarshen Maris 2023. Mahaifiyarsa ce ta fara ganewa, tun bai ce komai ba, don ta ga an sauke katifarsa daga saman mota. Ɗalibin da zai koma ba ya dawowa da katifa. Ta yi shiru har aka yi ƙaramar Sallah a Afrilu, kwana ya ƙara kwana yaro bai haɗa jaka ba, sannan magana ta fito.

Afrilu zuwa Yuni 2023: abin da aka gwada bai ci ba

Alhaji ya fara da abin da ya sani. Ya tara baffan yaron da limamin unguwa a zaure, aka yi nasiha, aka yi addu'a, aka tuna masa kuɗin da aka kashe. Yaron yana durƙushe, kansa a ƙasa, ya ce, "To, Baba. Zan koma, in sha Allahu." Aka ba shi kuɗin mota. Kwana tara ya yi ya dawo, ya ce zazzaɓi. Manya sun tashi daga wancan zama suna ganin an gama, alhali ba su ji komai daga bakinsa ba sai ladabi. A gidajenmu ɗa ba ya ce wa uba a'a a gaban liman.

Kawunsa, ƙanin mahaifiyar, direban babbar mota ne a hanyar Ngaundere zuwa Kusri. Ya tausaya wa 'yar'uwarsa, ya ɗauki 75,000 ya biya wa yaron wata cibiya mai zaman kanta da ta manna talla cewa tana koyar da kwamfuta cikin wata uku, bai shawarci Alhaji ba. Kwamfuta shida suka tarar, ɗalibai sun kusa talatin, rabin lokaci babu wuta. Da aka bincika, cibiyar ba ta da izinin ma'aikata, takardar da take bayarwa ba ta wuce ƙofarta. Mako biyar ya yi ya bari, kuɗin ba su dawo ba. Asarar kuɗin ma da sauƙi a kan abin da ya biyo baya, don Alhaji ya ɗauka dangin uwa sun shiga hurumin da ba nasu ba, ya daina amsa gaisuwar kawun, mahaifiyar kuma ta shiga tsaka mai wuya a gidan da akwai kishiya.

Na uku nawa ne. Alhaji ya tare ni bayan sallar isha ya ce, "Malam, ka yi wa yaron nan magana." Ni kuwa maimakon yaron sai na ɗauko shi Alhajin da wa'azi. Na lissafa masa masu lisans, wato digirin farko, da na koyar waɗanda yanzu haya suke yi da babur. Na gaya masa ko makarantun horon malamai, da a da fita daga cikinsu ke nufin matirikil, gwamnati ta raba horarwa da ɗaukar aiki daga 2023. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kai da albashi kake ci. Naka ɗan yana ina?" Nawa yana jami'a. Na rasa ta cewa. Mako biyu muna gaisawa sama-sama.

Yuli da Agusta 2023: gwajin mako takwas

Sai a lokacin na yi abin da aka roƙe ni tun farko. Dare uku a jere na ja yaron muka taka zuwa bakin titi, mu biyu. Daren farko na tambaye shi me yake so ya zama, ya ce duk abin da Baba ya zaɓa. Na gane tambayar ce ba ta da kyau. Dare na biyu na ce ya ba ni labarin wuni ɗaya a Fabrairu, daga asuba zuwa kwanciya. Nan bakinsa ya buɗe, ya yi kusan awa yana bayanin yadda suka gano abin da ke kashe wani injin caji. Dare na uku na tambaye shi me yake tsoro. Ya ce rumfa. A ganinsa ranar da ya furta ba ya son jami'a, washegari zai tsinci kansa yana auna yadi a ƙarƙashin yayansa har tsufa. Wannan ne ya sa ya gwammace ƙaryar zazzaɓi.

Na koma wurin Alhaji, wannan karon da roƙo. Na ce, "Alhaji, jami'a ba za ta buɗe ba sai Oktoba. Ara mini yaron nan mako takwas, ya fi zaman banza. Idan lokaci ya yi, hukunci naka ne." Ya yarda, kuma na tabbata ya yarda ne don ban nemi ya sauka daga kan komai ba.

Muka raba makonnin biyu. Huɗu wurin wani mai haɗa wayar gida da kafa farantan sola, huɗu a shagon wani dattijo mai gyaran firiji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki. Daga bakwai da rabi na safe zuwa la'asar, kwana shida a mako, babu lada sai 500 na abinci. Kowace Juma'a mai shagon zai gaya wa Alhaji da bakinsa yadda yaron yake, ba ta hannuna ba. Shi kuma yaron zai rubuta a littafi, da Faransanci, abin da ya gani kowace rana.

A wurin mai lantarki ya je kwana 23 cikin 24. Rahoton ya ce yana da natsuwa, aikinsa tsaf, amma ƙafarsa na rawa idan ya hau rufin kwano, aikin sola kuwa rabinsa a sama ake yi. A shagon firiji bai fasa ko kwana ɗaya ba. A mako na uku wata mai sayar da ƙanƙara ta kawo firiza da ke yin ƙas ta mutu, ƙas ta mutu. Babban yaron shagon ya ce kwamfuresa, injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ce ta tafi, a sayo sabuwa. Yaron ya roƙi a bar shi ya auna da mita tukuna, ya gano ɗan rile, wato makunnin da ke tayar da ita, ne ya ƙone, abin da kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kwamfuresa ba. Ran Juma'a dattijon ya ce wa Alhaji, "Yarana duk suna da hannu. Naka yana da hannu, kuma yana karanta zanen da ke bayan firiji." Littafin ma ya ba ni mamaki. Yaron da ke samun 8 a insha'i ya cika shafi sittin da bayani a fili, har da zane, babu kame-kame.

Gwajin yana da naƙasu ɗaya, kuma na faɗa musu tun lokacin: damina ce, aikin sanyi ya lafa. Bai ga bazara ba, lokacin da ake kwana a shago, bai kuma ga hunturu ba, lokacin da ake wuni ana kallon titi.

A mako na ƙarshe Alhaji ya je shagon da kansa ba sanarwa. Ya zauna a benci kusan awa ɗaya, ya ga dattijon ya rubuta wa wani asibiti takardar kuɗin aiki ya buga hatimi. Bai yaba ba, bai kushe ba. Da zai tafi ya yi tambaya ɗaya: "Wannan aikin, yana da takardar gwamnati?"

Satumba 2023: zaman lissafi

Kafin zaman sai da baffa ya sasanta Alhaji da kawu, don ba a son a yanke abin da wani zai warware ta bayan gida. Mahaifiyar ba ta zauna ba, amma matata ta je ta ji ta bakinta, kuma abin da ta nema shi ne kada yaron ya sake barin gari.

Hanya uku muka rubuta a takarda ɗaya, kowacce da kuɗinta da shekarunta. Ya maimaita shekarar farko a jami'a, abin da a lissafin Alhaji ba zai gaza 450,000 a shekara ba, shekara uku idan bai sake faɗuwa ba, bayan nan kuma a shiga layin konkur. Ko ya yi BTS, takardar babban teknisiyan mai shekara biyu bayan bak, a wata makaranta mai zaman kanta, sai dai kuɗin da suka faɗa mana ya fi ƙarfin rumfar a wannan shekara da aka riga aka yi asara. Ko ya shiga cibiyar koyon sana'a da ke da izinin ma'aikatar ayyukan yi da koyar da sana'o'i, MINEFOP, ya yi wata goma sha biyu a fannin sanyi, ya zana jarrabawar ƙasa ta DQP, takardar shaidar ƙwarewa a sana'a, yana kwana a gida, da yamma yana shagon dattijo. Kuɗinta 230,000, biya uku. Saboda abin da ya sami kawu, ni da baffa muka je ofishin ma'aikatar na yanki muka ga sunan cibiyar a jerin masu izini da idonmu, muka kuma shiga ɗakin aikinta muka ƙirga na'urorin da ke aiki.

Alhaji ya zaɓi ta uku, da sharuɗɗa. Dole ya zana jarrabawar gwamnati. Takardar bak za ta zauna a akwatin Alhaji, kuma bayan shekara biyu a koma maganar BTS. Ba zai buɗe nasa wuri ba sai maigidansa ya sallame shi. Yaron ma yana da nasa, amma ta bakin baffa suka fito, kamar yadda muka shirya: kada a riƙa kiransa rumfa idan ciniki ya yi yawa, kuma a saya masa kayan aiki nasa. Da aka shafa fatiha Alhaji ya ce, "Na yarda. Amma kada wani ya ce na ji daɗi."

Oktoba 2023 zuwa ƙarshen 2024: horo

Watan farko lafiya. A Nuwamba ya ƙone bayan hannunsa wajen liƙin bututun jan ƙarfe, mako biyu yana ɗaure. Disamba da Janairu su ne suka kusa rusa komai. Sanyi ya sauka, babu mai kawo firiji, abokansa na lise sun dawo hutu daga jami'a suna kiransa "mai firiji". Ya zo wurina ya ce ko dai kuskure aka yi. Na ce ya jira Maris kafin ya yanke.

Rigimar da ban hango ba ta taso ne tsakanin abin da ake koya masa da safe da abin da yake gani da yamma. A cibiya an koya masa cewa kafin a zuba gas sai an zuƙe iska da danshi daga bututu da famfon zuƙa, in ba haka ba danshin zai toshe siririn bututu ko ya cinye kwamfuresa a hankali. An koya masa gas ɗin R600a da ke cikin sababbin firiji yana kama wuta, ba a kusantar da harshen wuta sai an tabbatar ya fita, kuma R22 na tsofaffin na'urori ana janye shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama. Dattijo kuwa shekara talatin yana aiki da kunne da tafin hannu, yakan hura gas ya kori iska ya rufe. Wata rana yaron ya gyara masa a gaban mai kaya. Aka kore shi. Gaskiyar fasaha tana wurin yaron, rashin ladabin ma nasa ne. Ni da baffa muka ɗauki goro muka je ban haƙuri, aka mayar da shi bayan kwana goma. Da Alhaji ya saya masa kayan aiki na 165,000, har da famfon zuƙa na hannu, a shagon ya ajiye shi bai ce komai ba. Yanzu dattijon da kansa yake cewa a ɗauko.

Sai bazara ta zo tare da azumin 2024, wanda ya kama daga Maris zuwa Afrilu. Wanda ya san Garwa ya san zafin nan da ke haura digiri 40. A rani ruwan madatsar Lagdo, da Arewa ta daɗe tana dogara da ita wajen wuta, yana ja baya, wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, wani lokaci ta zo da rauni, kuma babu abin da ke kashe kwamfuresa kamar haka. Matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo don buɗa baki jarinsu duk yana cikin firiza ɗaya, idan ta tsaya da azahar ba sa jiran gobe. Yaron ya yi makonni yana dawowa gida bayan tarawihi. Bai sake zancen kuskure ba. Ya zana jarrabawar DQP, sakamako ya fito ya ci.

2025: inda aka tsaya

Har yanzu yana ƙarƙashin dattijo, amma yana da kason kansa a duk aikin da ya fita yi. Ya gaji mahaifinsa wajen rubutu, don haka akwai lissafi. Daga Maris zuwa Mayu yana samun tsakanin 110,000 da 140,000 a wata. A Disamba da Janairu bai kai 30,000 ba. Idan aka baje a wata goma sha biyu, kusan 70,000 ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba yake 60,000 tun 2023. Babu fansho, babu hutun ciwo. Na sha gaya masa CNPS, hukumar fansho ta ƙasa, tana karɓar masu zaman kansu su riƙa zubi da kansu, yana cewa sai bayan bazara.

Maganar BTS lokacinta ya yi, kuma yanzu shi yaron ne ke ja da baya, don kuɗi sun fara shiga aljihu. Alhaji bai samu mai matirikil ba. Idan aka tambaye shi a masallaci me yaron yake yi, yakan ce "teknisiyan ne", ya ɗan daga murya a kan kalmar.

Abin da nake gani ya yi aiki, da dalili

Dukanmu ukun da muka fara gwadawa, Alhaji da kawu da ni, kuskurenmu iri ɗaya ne duk da bakinmu ya sha bamban: kowa ya zo da amsa a aljihu kafin ya san abin da ke damun yaron. Matsalarsa a jami'a takamaimiya ce, salon karatun da ya dogara da saurin rubutu da tarin hadda a darasin da tun lise yake da rauni a ciki. Wannan yana rubuce a katunan makinsa tun 2019, babu wanda ya karanta su da wannan ido, har da ni da aikina ke nan.

Gwajin mako takwas ya ci ne saboda bai tilasta wa kowa ya janye maganarsa a gaban mutane ba, kuma ya kawo shaidar da Alhaji ke girmamawa, wato kwanakin zuwa aiki da bakin wani dattijo mai sana'a irinsa. Da daga bakina rahoton ya fito, da bai karɓa ba, kuma da gaskiyarsa. Tambayarsa a kan takarda ita ta nuna mini na yi masa gurguwar fahimta. Na ɗauka girman kai ne ke sa shi nacewa a kan jami'a, ashe tsoro ne kada ɗansa ya tashi kamarsa, ba shi da takardar da zai nuna a ofis. Da aka samo hanyar da ke da sana'a da takarda tare, rabin gardamar ya mutu da kansa.

Ban yarda a ce shekarun lise asara ba ne. Fiziks ɗin nan ne ya sa yake fahimtar dangantakar matsin gas da zafi, Faransancin nan ne ya sa yake karanta zane. Asarar da nake gani ita ce 655,000 da shekara guda da aka kashe tsakanin konkur da jami'a da cibiyar bogi, da kuma 2018, lokacin da F5 take buɗe a gabansa. Kuma ban ɗauki lamarin a matsayin wanda ya ƙare ba. Idan bai koma ya yi BTS ba, zai iya kai shekara arba'in yana ɗaukar jaka a bayan babur, manyan kwangilolin asibitoci da ɗakunan sanyi suna tafiya wurin masu babbar takarda.

Akwai kuma abin da ya fi damuna yanzu. Ƙanwarsa tana ajin ƙarshe a layin C, mai nauyin lissafi da fiziks, jimillarta ba ta sauka ƙasa da 15 ba tun shigarta lise, kuma ta gaya wa matata injiniya take so ta zama. Makon jiya Alhaji ya ce mini ai ya gane jami'a ɓata kuɗi ce, keken ɗinki zai saya mata. Na roƙe shi ya ba ni katunan makinta, ya ce in zo ran Asabar bayan la'asar, in taho da baffa.